Kalandar Alhaji Maje

A ranar Asabar, sha shida ga Mayu na 1953, kwana biyu ko uku da kama azumi, abu biyu suka faru a gidan marigayi Malam Modu da ke Fagge. Da la'asar aka kashe babban ɗansa, Kyari. Kafin a sha ruwa matar Kyari, Yagana, ta haifi 'ya mace, wadda aka raɗa wa suna Falmata. Tabarma ɗaya aka shimfiɗa a ƙofar gida, masu ta'aziyya da masu barka suka zauna a kai, kowa ya rasa da wacce zai fara.

Ranar ce aka fara faɗan nan tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu, wanda ya taso daga wani taron siyasa a Sabon Gari, ya kwana huɗu yana cin rayuka. Kyari ba shi da jam'iyya. Makanike ne a wani gareji kusa da Bata. Naƙuda ce ta yi wa Yagana tsawo tun asuba, ya bar aiki ya tafi Sabon Gari kiran wata nas mai karɓar haihuwa, bai same ta ba, ya juyo. Kayan aikinsa ne a jikinsa, rigar kaki da gajeren wando, kansa ba hula. Wasu samari da suka shigo daga wajen gari da gora da barandami suka ga ya fito ta ɓangaren Sabon Gari, suka ɗauka ɗan Kudu ne, suka bi shi. An tsinci gawarsa a bakin zauren Alhaji Maje, babban ɗan kasuwar atamfa na unguwar, taku arba'in tsakaninsa da gidansu.

Unguwa ta ce mutanen Sabon Gari ne suka kashe shi. Daga baya ta ce kwana ne ya ƙare, ta huta. Mutanen unguwar nan sun iya haƙuri da mutuwar ɗan wani, ba su da na biyu a wannan fanni.

Ƙanin Kyari, Abdulgani, yana ajin ƙarshe a makarantar Midil a lokacin. Sai bayan shekara guda ya ji abin da ya faru. Malam Almu, wani gajeren dattijo mai tsaron zauren Alhaji Maje, ya kwanta zazzaɓi har ya fid da rai, ya aika a kira masa shi. Ya ce Kyari ya iso ƙofar da ransa. Ya buga, ya kira Alhaji, ya faɗi sunansa da sunan ubansa, ba sau ɗaya ba. A cikin zauren akwai dila goma sha biyu ta atamfa da aka kwaso daga Kantin Kwari don gudun wawaso. Alhaji ya ce a sa sakata. Aka sa. Suna tsaye a ciki suna ji har aka gama.

Malam Almu ya warke. Tun daga nan in ya hango Abdulgani sai ya canja hanya. Ranar da ya rutsa shi a bakin masallaci cewa ya yi, "Zazzaɓi ne ya yi magana, ɗana. Ni ban san abin da na faɗa ba."

Abdulgani ya kai maganar wurin baffansa. Baffa ya ce, "Wa ya sayi likkafanin? Wa ya ba da ragon sunan Falmata? Mutumin da ya yi mana wannan za ka ɗora wa jini da maganar mai zazzaɓi?" Ya kai wa liman. Liman ya ce abin da ya wuce sai addu'a, ya ƙara da cewa karatun boko yana sa wa yara zafin kai. Yagana kaɗai ce ta saurare shi har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sau nawa ya ce ya buga?" Ya ce bai faɗa ba. Ta ci gaba da tankaɗe.

Da ya gama makaranta ya ƙi aikin akawu, ya kama aiki a wata 'yar maɗaba'a a Sabon Gari. Mai ita, Sylvester, mutumin Gabas ne, shekararsa ashirin a Kano. Yana buga katin biki da takardun coci da rasit na kantuna, yana kuma neman wanda zai riƙa jera masa Hausa. Aikin na haƙuri ne. Haruffan na dalma ne, kowane a raminsa cikin akwati, a tsinto su ɗaya bayan ɗaya a jera su a juye, a ɗaure layin, a shafa tawada, a taka inji. Abdulgani ya ƙware har yana iya jera layi bai duba akwatin ba.

A Disambar 1955 motar Alhaji Maje ta tsaya a ƙofar maɗaba'ar. Ya ga kamfanonin Turawa suna raba kalanda, shi ma yana son tasa, don ana rade-radin za a ba shi kujera a majalisar gari. Ɗari biyar yake so. Hotonsa babba a sama, a ƙasa shafi goma sha biyu a ɗinke, kowane wata ya rufe na bayansa, in ya ƙare a yage. A ƙarƙashin wasu ranaku kuma a sa ɗan tarihi: ranar da Turawa suka ci Kano, ranar da aka gama yaƙin duniya, da irinsu.

Ya hango Abdulgani a bayan akwatin haruffa, fuskarsa ta washe.

"A'a, ɗan Modu, ashe nan kake. Madalla. Kai za ka jera mini, na gida ya fi. Ɗauko fensir."

"Ga shi, Baba Alhaji."

Ya zauna a kujerar Sylvester ya shiga lissafi. Ranar da ya sauka daga Makka. Ranar rasuwar mahaifinsa. Ranar haihuwar babban ɗansa. Duk da lissafin wata yake faɗa, goma ga watan cika-ciki, bakwai ga watan azumin tsofaffi, ya bar wa Abdulgani wahalar juya su.

"Sai kuma ranar tarzomar nan," in ji shi. "Farkon azumi ne. Ka nemo ta a lissafin Nasara. Ka rubuta cewa a ranar Alhaji Maje ya buɗe gidansa ya ɓoye bayin Allah."

Fensirin ya tsaya.

"Su wa aka ɓoye, Baba Alhaji?"

"Jama'a mana. Wa ya tsaya ƙirga? Allah ya jiƙan yayanka, shi kam kwana ya ƙare. Yaya marainiyata? Ta fara surutu ko?"

"Ta fara."

"Ka gaishe da uwarta. Ka sa haruffan su fito da kyau."

Abdulgani ya sa sun fito da kyau. Da ya zo kan shafin Mayu ya ɗauko akwatin ƙananan haruffa, don maganar ta shiga cikin ɗan gidan da aka ware wa ranar, ya jera:

"16 ga Mayu, 1953. An kashe Kyari ɗan Modu a ƙofar zauren Alhaji Maje. Ya buga ƙofa ya faɗi sunansa, Alhaji ya sa aka kulle don tsaron atamfa. A ranar aka haifi 'yarsa Falmata."

Ya san yadda ake duba aiki a wurin. Sylvester ba ya duba Hausa, shi ya sa ya ɗauke shi. Alhaji kuwa da aka kai masa gwaji hotonsa ya ƙura wa ido, ya ce rawanin ya yi duhu, a rage tawada. Bai ɗaga ko shafin farko ba. Abdulgani da ƙafarsa ya taka injin sau ɗari biyar a kan shafin Mayu, bai yarda an karɓe shi ba.

Da sabuwar shekara yaran Alhaji suka raba kalandar. Ta shiga kantuna a Kwari, ta shiga shagunan teloli da rumfunan wanzamai, ta shiga zaurukan Fagge. Babu inda Abdulgani zai bi bai ga Alhaji Maje rataye a ƙusa ba, yana murmushi a kan abin da bai san yana ƙarƙashinsa ba. Wannan ya fi komai yi masa daɗi. Da kuɗin mutumin, da motarsa, da yaransa aka kai laifinsa bango ɗari biyar. Bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa ƙirga kwanaki, ya riƙa tsara yadda safiyar za ta kasance: a yage Afrilu, wani ya karanta, ya kira wani, kafin azahar Kwari ta ɗauka.

Ɗaya ga Mayu ta faɗo ranar Talata, azumi ya kai wajen ashirin. Da hantsi ya sa farar riga ya shiga Kantin Kwari a hankali, kamar mai neman yadi.

Kantin farko, Janairu. Na biyu, Janairu. Ya bi layin har ƙarshe, ya juyo ta ɗaya gefen. A wani kantin an rufe tsagar bango da ita. A wani an maƙala allura da zare a jikin shafin. Ya fito ya shiga Fagge, ya tsaya a shagon wani tela da ya sani.

"Malam, ba ka yage kalandarka ba."

Telan bai ɗago daga keke ba. "In yage me?"

"Shafin. In wata ya ƙare yagewa ake yi."

"Abu sabo ful, kyautar Alhaji, in kama yagawa? Ka ji ɗan boko."

"Mayu muke ciki, kai kana Janairu."

"Kai kake Mayu. Mu muna ashirin ga azumi, ga ɗinkin salla ya sha mini kai. In ba ɗinki ka kawo ba matsa mini daga haske."

Har azahar yana yawo da bakin azumi. Ya leƙa zaure ya fi talatin. Mutum ɗaya ya samu ya yage shafi, shi ma don ya ƙunshe goro ne. Gari guda, an rataya musu gaskiya a saman kai wata huɗu, ba wanda ya miƙa hannu ya ga me ke ƙasa. Hoton suke so. In ka ba mutanen nan hoton mai kuɗi da rawani sun gama karatu.

Bango ɗaya ne a duk yawonsa ya nuna Mayu, shi ne na maɗaba'ar. Da ya shiga ya tarar da Sylvester a tsaye gabansa, tabarau a kan hanci, yana bin layin da ɗan yatsa. Hausar kasuwa yake ji, amma shekara ashirin ta isa mutum ya haɗa baƙi.

"Malam, zo nan. Wane ne Kyari?"

"Yayana ne, Masta."

"Wannan abu gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

Sylvester ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "To karanta mini layin ƙasa. Can ƙasan shafi."

Abdulgani bai buƙaci dubawa ba. Shi ya jera. Sunan maɗaba'ar ne, da sunan mai ita, da sunan titi.

"Ka ga sunanka a wurin?" in ji Sylvester. "Babu. Ranar da suka karanta, ba za su ce ɗan Modu ba. Za su ce Inyamuri ya zagi Alhaji, a watan da aka yi faɗa. Ƙofata za su zo. Ni ma na binne mutum a wancan satin, Chukwuma, ɗan 'yar uwata, ba wanda ya sa shi a kalanda. Ba na hana ka yayanka. Amma ka ɗauki bindiga ka ɗora a kafaɗata ka ɓuya a bayana."

"Ba wanda ya karanta, Masta. Duk suna Janairu."

"Yau. Gobe wani akawu zai ɗaga shafi." Ya mayar da tabarau. "Ko ka bi ka karɓo ɗari biyar ɗin nan, ko ka tsaya inda za su ga fuskarka. Kafin nan kada ka taɓa mini haruffa."

Ya koma gida ya tarar da Yagana a tsakar gida tana haɗa turaren wuta na sayarwa da salla, tana juya itacen a cikin kasko da sukari. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata komai, tun daga zuwan motar har maganar Sylvester. Ya zaci za ta yaba masa ko kaɗan.

"Karanta mini abin da ka rubuta," ta ce.

Ya faɗa mata da ka.

"Sake."

Ya sake.

Ta sauke kaskon. "Maganar ta yi. Amma wa ka rubuta wa, Malam Gani? Ni ba na karatun boko. Liman ba ya yi. Baffanka ba ya yi. Shi kansa Alhajin sai an karanta masa. Ka ɗauki yayanka ka sa shi ƙarƙashin takarda huɗu ka rufe, ka koma gefe kana jira iska ta buɗe."

"Yaya, na yi zaton..."

"Zato ka yi. Shekara uku ina wucewa ta ƙofar nan in za ni unguwa. Mutumin nan yana aiko wa Falmata kayan salla, daga atamfar, ni nake karɓa in ce an gode, don baffanka yana kallo. Ka san me nake so? Ba na son ya mutu. So nake ya zauna a cikin mutane a faɗa, yana ji, suna ji, ya rasa inda zai sa idonsa. In ba za ka iya ba ka ce ba za ka iya ba, in jira yarinyar ta girma."

Ya bari azumi ya ƙare, aka yi salla. Sha shida ga Mayu ta zo ranar Laraba, kwanaki kaɗan bayan salla, lokacin da 'yan gaisuwa ba su gama zarya a gidajen manya ba. Bayan la'asar zauren Alhaji Maje ya cika. Akwai liman, akwai 'yan kasuwar Kwari, akwai baffan Abdulgani a gefe kusa da takalma. Malam Almu yana bakin ƙofa yana raba goro. Alhaji yana kan kilishi, kalandar tana rataye a bangon da ke bayansa, Janairu.

Abdulgani ya cire takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ake yi.

"Ɗan Modu," in ji Alhaji. "Sai yau? Mun ce ko boko ta hana gaisuwar salla."

"Tuba nake, Baba Alhaji. Na ga kalandarka ta tsaya ne, na ce bari in gyara maka."

"Ka ji masu aiki. Gyara mana."

Ya tashi ya ratsa ta tsakanin mutane. Ya kama Janairu ya yage, ya yage Fabrairu, da Maris, da Afrilu, yana ajiye kowane a ƙasa. Wani ɗan kasuwa ya ce, "Kai, yaro, ka gama da ita." Aka yi dariya. Ya ciro kalandar daga ƙusa ya juyo ya fuskanci zauren.

"Yau sha shida ga Mayu a lissafin Nasara. Baba Alhaji ya sa an rubuta tarihin ranar. Tunda ba kowa ke karantawa ba, bari in karanta."

Alhaji ya gyara zama yana murmushi, ya ɗaga hannu a yi shiru.

Abdulgani ya karanta a hankali, bai ɗaga murya ba. Da ya kai "don tsaron atamfa" ba a jin komai a zauren sai kukan akuya daga cikin gida. Ya ƙarasa da sunan Falmata.

Baffansa ne ya fara magana. "Abdulgani, fita."

Alhaji ya miƙo hannu aka ba shi kalandar. Ya kalli shafin, ya juya shi, ya miƙa wa wani akawun kamfani da ke kusa. Akawun ya duba, ya sunkuyar da kai, ya ce haka aka rubuta.

"Guda nawa?" in ji Alhaji.

"Ɗari biyar, kamar yadda ka ce."

"Inyamurin nan ne. Na san za a rina. Su suka kashe yaron, yanzu kuma..."

"Ni ne, Baba Alhaji. Mai maɗaba'ar ba ya duba Hausa, kai ma ka sani, kai ka ce na gida ya fi. Ni na jera, harafi harafi, ni na taka injin. Kowa ya ji, kada gobe a ce wani ne. Kuma ba mutanen Sabon Gari suka kashe Kyari ba. Namu ne, da gora, a nan inda takalmanku suke."

Wasu suka waiwaya suka kalli bakin ƙofar, kamar yau suka fara ganinta.

Liman ya yi gyaran murya. "Ɗana, kwanakin salla ne. Abin da Allah ya ƙaddara..."

"Allah ya gafarta Malam, Allah ne ya ƙaddara. Amma hannu ne ya sa sakata, kuma hannun yana cikin zauren nan. Shekara biyu ke nan na kawo maka maganar ka ce in yi addu'a. Na yi. Yanzu tambaya nake yi."

"Sharri ne," in ji Alhaji. Muryarsa ta sirance. "Ni ina cikin gida ranar, ban ji komai ba. Ga Almu nan, shi ke ƙofa. Almu, faɗa musu."

Malam Almu yana riƙe da faifan goro. Ya kalli Alhaji, ya kalli liman. Da an ƙyale shi da zai mutu da maganar a cikinsa, amma yanzu an ɗora masa ƙofar shi kaɗai a gaban jama'a, ya kuwa gane haka.

"Ni ke ƙofa," ya ce. "Amma sakata biyu ce, Alhaji. Ta ƙasa ni na sa. Ta sama hannuna ba ya kaiwa, kowa ya gani. Kai ka sa ta."

Ya ajiye faifan a ƙasa ya zauna kusa da shi, ya rufe fuska da hannun riga.

Ba wanda ya zagi Alhaji. Ba haka ake yi a Fagge ba. Wani ɗan kasuwa ya tuna bai rufe kanti ba. Wani ya ce bari ya je ya sabunta alwala. Aka riƙa zamewa ɗaya ɗaya, kowa yana laluben takalminsa ba tare da ya kalli kilishin ba. Liman ya daɗe a zaune, sannan shi ma ya tashi bai yi addu'ar tashi ba. Abdulgani ya tsaya har zauren ya rage mutum huɗu, yana kallon Alhaji, Alhaji yana kallon yagaggun takardun da ke ƙasa.

Washegari Alhaji ya yi kuskure biyu. Na farko, ya tura yaransa su bi kantuna da zauruka su karɓo kalandar. Mutanen da suka yi wata huɗu ba su ɗaga shafi ba sai ga shi kowa yana son sanin me ke ciki. Aka riƙa cewa ta ɓace, ko yara sun yaga, aka cusa ta ƙarƙashin tabarma, aka shiga neman duk wani mai boko a unguwa. Telan nan da kansa ya tare Abdulgani a hanya, ya ce, "Wai a wane shafi ne?" Na biyu, ya kai ƙara gaban alƙali cewa an ɓata masa suna.

'Yan doka suka zo da safe suka tafi da Abdulgani. Sylvester ya zo kotun da kwat ɗinsa na zuwa coci, ya ba da shaida cewa bai san abin da aka jera ba, Abdulgani ya ce haka ne, aka sallami Sylvester. A hanyar fita ya tsaya kusa da Abdulgani ya ce a hankali, "Aiki babu, Malam. Amma ka tsaya inda suka ga fuskarka." Malam Almu ba a kira shi ba. An ce ya tafi ƙauye jinya.

Kotun ta cika har waje, mutane sun dafe tagogi. Yagana tana cikin matan da ke tsaye a bakin tagar gabas, Falmata a goye. Alhaji Maje yana zaune a gaba cikin babbar riga, bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Alƙalin tsoho ne, ba ya karatun boko. Ya juya kalandar a hannunsa, ya ce ba zai yanke hukunci a kan maganar da bai ji ba. Ya miƙa wa magatakarda ya ce ya karanta abin da ake ƙara a kai, da ƙarfi, a kuma rubuta shi a littafin kotu. Wakilin Alhaji ya yunƙura zai yi magana, alƙali ya ce ya zauna.

Magatakarda ya miƙe ya karanta, tun daga kwanan wata har sunan yarinyar. Daga tagogi aka ji ana maimaita wa na baya.

"Kai Abdulgani," in ji alƙali, "ka ji abin da aka karanta. In ka amsa kai ka rubuta, ba ka kuma kawo shaidu biyu ba, ɗaurin wata uku ne. Ka amsa?"

Abdulgani ya dubi tagar gabas. Yagana ta girgiza kai kaɗan, ta nuna kunnenta da yatsa.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce, "zan amsa. Sai dai hayaniya ta yi yawa, ban ji sosai ba, kada in amsa abin da ba nawa ba. A sa shi ya sake karantawa, a hankali."

Alƙali ya dube shi. Sannan ya sa ɗan doka ya tsawatar a yi shiru, ya juya wajen magatakarda.

"Sake," ya ce.